Camry mai mutuwa a danja, da batir ɗin da ba wanda ya zarga

Motar yayata ce, Camry ƙirar 2005, irin wadda dillalai ke kira Big Daddy, mai silinda huɗu, lita 2.4, giya otomatik. 'Yar Kwatano ce. Ta shekara shida a hannunta, ban da juyen mai da canjin birki ba ta taɓa sa ta ciwon kai ba. Yaya malamar makaranta ce, tafiyarta duka ba ta wuce kilomita huɗu ko biyar daga gida zuwa wurin aiki, sai kasuwa ran Asabar, sai biki ko gaisuwar mutuwa idan ta kama. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, motar ta tsiro da wani sabon hali.

A kan hanya lafiya lau take gudu. Sai an taka birki an tsaya a danja ko gosulo, allurar da ke nuna juyin inji, wadda ta saba zama wajen 700, ta fara sauka: 600, 500, sitiyari ya ɗauki rawa kamar mai zazzaɓi, wani lokaci ta farfaɗo da kanta, wani lokaci ta yi tsit. Idan esi na kunne abin ya fi muni. Da dare, ga fitilu ga esi, sai dai addu'a. Ranar da abin ya kai Yaya bango a titin Gidan Zoo ne bayan Magariba, ta mutu sau uku a cikin layi ɗaya, 'yan adaidaita sahu suna ta danna mata ham. Daga nan ta kira ni ta ce, "Ka zo ka ɗauki motar nan, ni na gaji. Da mota mai kunyata ni gara in hau ɗan sahu."

Abu ɗaya ne ya hana kowa tunanin batir: motar tana tashi. Da safe kik ɗin yakan ɗan ja, ka ji shi yana juyi da nauyi kamar wanda aka tasa daga barci, amma tana kamawa. Idan ta mutu a hanya kuwa, bugu ɗaya take tashi, tunda inji da ɗuminsa. A wurin yawancinmu aikin batir ya ƙare da zarar inji ya kama. Ni ma haka na ɗauka.

Makanikin da muka saba da shi ya saurari injin, ya ce silo, wato juyin inji idan mota na tsaye, shi ne ya yi ƙasa, kuma fulogi ne. Aka sa sabbi huɗu. Da na ɗauko ta daga garejin ta fi da lalacewa, amma bayan kwana biyu sai ta daidaita, muka ce Alhamdulillahi. Kwana biyar ta koma gidan jiya. Aka ce nozul ne suka toshe, aka cire aka wanke. Nan ma haka: ranar farko ba daɗi, kwana biyu ta gyaru, mako bai cika ba ta dawo. Muka kai ta aka sa a kwamfuta, mai na'urar ya ce babu lambar matsala ko ɗaya, motar lafiyarta ƙalau. Sai maganar famfon mai ta taso. A nan na tsaya, don kuɗin da aka riga aka kashe ya kusa sayen sabon batir, ga shi ana shirin buɗe tanki bisa zato.

Ba na ganin laifin makanikin sosai. Duk abin da ya ambata yana iya kawo rawar silo da gaske. Inda aka kuskure shi ne ba a auna komai ba, kuma wannan gyaruwa ta kwana biyu ta yaudare mu duka, har da ni. Kowane sabon kaya aka sa, shi ake ba ladan sauƙin da aka gani.

Wani abokin aikina ya tura ni wurin wani dattijo mai wayarin, wanda ya koyi sana'a tun zamanin da Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna ke cike da tituna. Rumfarsa ƙarama ce, benci ɗaya, akwatin ƙarfe, da mita mai launin ɗorawa da aka ɗaure bayanta da salatif. Bai buɗe bonet ba tukuna. Ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli rabi, ya tsura wa dashbod ido.

"Ɗana, ƙarfe nawa yanzu?"

Na duba waya na ce, "Sha ɗaya da kwata, Baba."

"To agogon motarka ya ce uku da minti goma. Wa ya taɓa shi?"

Ba wanda ya taɓa shi. Na kira Yaya a take, ta ce ai ta gaji da saita agogon nan, wasu safiyoyin sai ta ga ya koma 1:00, tashoshin rediyon da ta ajiye ma sun ɓace, ta ɗauka tsufa ne. Idan ka lissafa, awa biyu da minti goma kafin sannan daidai lokacin da na tayar da motar a gida ne. Wato a wannan bugu na safe wuta ta faɗi ƙasa har agogo ya manta kansa. Baba ya ce, "Abin da ya sa agogo mantuwa, shi ya sa kwakwalwar motar mantuwa. Layinsu ɗaya." Kwamfutar da ke sarrafa injin yake nufi da kwakwalwa.

Sannan ya buɗe bonet. Kan batir na jan waya ya yi fari fat da wani gari mai sirkin kore, kamar an barbaɗa masa gishiri. Ya kama kan baƙar wayar ya murɗa da yatsu biyu, ya juya. Batir ɗin mai amfiya 75 ne, irin mai marafai shida da ake buɗewa, ya shekara biyu da 'yan watanni. Da ya kwance marafan ya haska da tocilan, a gida biyu ruwa ya ja baya har saman farantan dalma ya fito fili ya bushe.

Ya ɗora mita, ta nuna bolt 12.4. Na ce to ai ga shi nan, ya wuce 12. Ya yi dariya ya ce wannan kumfa ce, yanzu na sauko daga hanya, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, ya shafa masa wuta a sama. Ya kunna manyan fitilu na minti biyu inji a kashe, ya kashe su, muka jira kaɗan. Mita ta dawo 11.9.

Wannan lamba tana buƙatar bayani, don sunan "batir mai bolt 12" yana ruɗar mutane. Gida shida ne a ciki, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1 idan ya cika, jimla 12.6. Idan ka ga 12.4 a batir da ya huta, kusan kashi uku cikin huɗu ne ya rage. 12.2 rabi ne. 12.0 kuwa saura kwata. Tazarar da ke tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa ba ta kai bolt ɗaya ba. Kuma ko wannan awon ba ya faɗin komai game da ƙarfinsa idan aka ɗora masa kaya. Shi ya sa Baba ya ce in murɗa makulli yana kallon mita. Lokacin da kik ke juyi ta faɗi zuwa 8.2. Lafiyayyen batir bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 a wannan gwaji ba. Baba ya ƙara da cewa abin da mita ta kama ke nan, faɗuwar farko, a daidai ƙiftawar da kik ya cafki wuta, ta fi haka zurfi, kuma a kan batir ɗin ya auna, abin da ke tsallake wancan gari da sakakken kai ya isa cikin mota bai kai haka ba.

Daga nan ya shiga gwajin da ya fi ɗaukar hankalina. Inji na silo, komai a kashe: 13.9. Altaneta yana caji ke nan, tunda abin da ake nema tsakanin 13.8 ne da 14.4 ko kusa da haka. Ya ce in kunna fitilu: 13.5. In kunna esi, in ƙure iska: 12.9. In taka birki in sa giya a D: juyin inji ya sauka, mita ta nuna 12.3. Muka jira. Da fankokin lagireto suka ɗauka, sai na ga lambobin sun yi tsalle zuwa 11 da 'yan kai, fitilun da ke haska bangon rumfar suka dushe, allura ta gangara 450, injin ya yi tari biyu ya mutu. A gabanmu, mota a tsaye, abin da ya faru a titin Gidan Zoo ya maimaita kansa.

Yadda na fahimci abin daga bakinsa da kuma abin da na bibiya daga baya, hanya uku ce raunin batir ya bi ya isa ga silo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce giɓin wuta. Altaneta da fanbel yake juyawa, yawan wutar da zai iya bayarwa yana bin saurin inji. A kan hanya yana da rara. A silo kuwa abin da yake iya fitarwa ya ragu sosai, ga shi a daidai lokacin ne ake buƙatar fankokin lagireto, tunda babu iskar gudu. Idan buƙata ta haura abin da altaneta ke bayarwa, batir ne ke cike giɓin. Haka kuma idan wani babban kaya ya shigo farat ɗaya, kamar fanka ko kulocin kwampireson esi, altaneta ba ya amsawa nan take, batir ne ke tare bugun na ɗan lokaci. Kamar randa ce a gidan da famfo ke zuwa a hankali: idan randar ta tsage, duk wanda ya zo da babban bokiti sai kowa ya ji a jikinsa. Da wuta ta faɗi, famfon mai yana rage gudu, kwayil yana ɗaukar lokaci kafin ya tara wutar da zai harba wa fulogi, nozul kuma suna jinkirin buɗewa. A silo, buɗewar nozul ba ta wuce kashi biyu ko uku cikin dubu na daƙiƙa, don haka ɗan jinkiri kaɗan babban rabo ne na man da ya kamata ya shiga. Kwakwalwar tana da lissafin rama wannan, amma faɗuwar bazata takan riga ta.

Ta biyu nauyi ne a kan injin kansa. Wuta ba kyauta take zuwa ba. Batir da kullum yake a ƙasa yana sa altaneta aiki ba hutu, kuma altaneta mai aiki da ƙarfi yana da wuyar juyawa. Idan yana fitar da amfiya 80 a bolt 14, wat 1,120 ke nan, kuma tunda kusan rabin ƙarfin da yake ja daga inji ne kawai ke zama wuta, abin da yake ci ya doshi ƙarfin doki uku. A kan titi injin lita 2.4 ba zai ma san an yi ba. A silo, ga kwampireso, ga giya a D tana ja, doki uku ba abin wasa ba ne.

Ta uku ita ce mantuwa, kuma a ganina ita ce uwar matsalar a wannan mota. Fijo 504 tana da kafireto, tana da sukurun silo, ka murɗa shi da sukundireba ka ji injin ya ɗaga. Camry daga ƙirar 2002 ba ta da wannan, ba ta ma da wayar totur. Ƙafarka saƙo take aika wa kwakwalwa, ita kuma ta juya wani ɗan faranti a maƙogwaron iska, wurin da makanikai ke kira bakin injekta. A silo, farantin a kusan rufe yake, iska ta wata siririyar kafa take wucewa. Shekara da shekaru tururin mai da ƙura suna taruwa a gefen kafar su zama baƙin danƙo, kafar ta ƙara tsukewa. Ba ka lura, saboda kwakwalwar tana koyo a hankali, tana ƙara buɗe farantin kaɗan-kaɗan, tana ajiye abin da ta koya. Wannan ajiya da wutar batir take rayuwa. Ranar da wuta ta yanke, sai ta koma lissafin masana'anta, na maƙogwaro mai tsabta fes. Ta buɗe faranti daidai na sabuwar mota, iskar da ke shiga ba ta isa ba, silo ya faɗi.

Da ya kawo nan sai komai ya haɗu a kaina. Duk lokacin da aka kai ta gareji ana cire kan batir kafin a fara aiki, shi ya sa take fitowa a birkice. Kwana biyu kwakwalwa ta sake koyo, mota ta gyaru, mu ce fulogi ne ko nozul. Sai wata safiya batir ya kwana ya yi sanyi, a buga kik, wuta ta nutse, a koma farko. Shi ya sa kuma kwamfuta ba ta ga komai ba, lambobin matsala ma a wannan ajiyar suke zama, duk mantuwa tana tafiya da su. An bar jaki ana ta dukan taiki har wata guda.

Baba bai ce in sayi batir nan take ba, abin da ya ƙara min yarda da shi ke nan. Ya aiki yaronsa ya ɗauko wani lafiyayye daga cikin rumfa, ya wanke kawunan wayoyin da ruwan kanwa mai ɗumi, garin ya yi ta kumfa yana narkewa, ya goge da burushin ƙarfe har dalma ta yi ƙyalli, ya ɗaure tam. Ya gargaɗi yaron kada ɗigon ruwan kanwar ya shiga cikin gidajen batir, zai kashe asid ɗin. Muka maimaita gwajin nan kaf. Wannan karon da fankoki suka ɗauka mita ba ta sauka ƙasa da 12.4 ba, fitilu ba su dushe ba, injin bai mutu ba. Amma allura tana wajen 550, sitiyari yana ɗan karkarwa.

"Ka gani ko? Rabin ciwon ke nan ya tafi. Sauran rabin yana maƙogwaro."

Ya kwance robar iska. Gefen farantin baƙi ƙirin, ya sa yatsa ya lakato kamar kwalta. Ya fesa maganin wanki a tsumma, ba kai-tsaye cikin maƙogwaron ba, ya riƙa gogewa a hankali yana tallafe da farantin, ya ce akwai ƙananan haƙoran giya da ɗan inji a bayansa, ba a yi masa ƙarfi. Tsumma uku ya ɓata. Bayan an mayar, ya bar motar ta yi zafi har fanka ta ɗauka ta tsaya, ya bar ta tana silo kamar minti goma komai a kashe, sannan da esi, sannan ya ce in zaga da ita in riƙa tsayawa. Na dawo allura tana zaune a 700, da esi da fitilu da giya ba ta motsa sai kaɗan.

Ya duba abu biyu da sauri kafin ya sallame ni. Ya juya mita zuwa awon wuta mai kai-komo don ya ga ko wani dayod, ɗan abin da ke sa wuta ta bi hanya ɗaya, ya ƙone a altaneta, babu. Ya kashe mota ya rufe ƙofofi ya auna abin da take sha tana barci, amfiya 0.03, ƙasa da 0.05 da ake ɗauka iyaka. Babu ɓarawon wuta ke nan. Yaronsa ya ce da an cire kan batir inji na aiki ai da tuni an san lafiyar altaneta. Baba ya harare shi. Wannan dabara ta zamanin kafireto ce. A mota mai kwakwalwa, batir ne ke shanye tsalle-tsallen wutar altaneta, ka cire shi inji na juyi, wutar tana iya haurawa ta ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na batir sau da yawa. Har yau ina ganin ana yi a bakin titi.

Saura tambayar me ya kashe batir ɗin a shekara biyu. Zafi na gaba. Mutanen ƙasashen sanyi suna kuka da hunturu, amma zafi ne ke cin batir, yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantansa, kuma ƙarƙashin bonet a gosulon Afrilu ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Ruwan ba wanda ya taɓa dubawa. Abin da ke raguwa ruwa ne zalla, don haka tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ko da mai caji ya ce asid zai ƙara masa ƙarfi. Sai gajeriyar tafiya: a tayar, a yi kilomita huɗu rabinsu a tsaye da esi, a kashe. Abin da kik ya ɗiba ba ya dawowa duka. Batir da ke zama rabi-rabi, wani farin gishiri yana kama farantansa, idan ya daɗe ya ƙanƙare caji ba ya narkar da shi. Da na matsa da tambaya a gida, sai babban ɗan Yaya ya amsa cewa sau da yawa yakan ciro batir ɗin da dare su tayar da janareta, wani lokaci a bar shi a can sai asuba. Yaya ta dube shi ta ce, "Ashe kai ne makanikin da ke kwance min mota ina barci."

Ina da ra'ayi a kan yadda ake ba da irin wannan labari. Za ka ji an ce batir ne kawai, aka canza, shi ke nan. A motar Yaya ba haka ba ne. Da maƙogwaron yana da tsabta, mai yiwuwa raunin batir ya tsaya a dushewar fitila da nauyin kik. Da batir ɗin lafiyayye ne, dattin zai ci gaba da ɓuya a bayan lissafin kwakwalwa wataƙila shekara ɗaya ko biyu. Haɗuwarsu ce ta kashe injin a danja. Mota mai lafiyayyen altaneta da tsabtataccen maƙogwaro ba kasafai batir shi kaɗai ke kashe ta tana aiki ba, sai idan wani gida ya haɗe a ciki, ko kan ya saki gaba ɗaya. Wanda motarsa ke mutuwa tana cikin gudu, ko fitilar batir ta kama a dashbod, ya fara da altaneta da fanbel. Wanda tasa ke rawa a silo kawai, musamman bayan an cire batir ko an yi mata jan wuta daga wata motar, agogonsa kuma yana ɓata lokaci, labarinsa ya fi kama da namu.

Washegari na je Kofar Ruwa na sayo sabon batir mai amfiya 75, na sa mai shagon ya ɗora masa mita a gabana, 12.6, na ba da tsohon aka rage min kuɗi. Baba ya ɗaura shi bayan ya jona wani ƙaramin batir a layin don kada kwakwalwar ta rasa abin da ta koya jiya, ya shafa man girisi a kawunan. An saya wa janareta nasa batir. Ran Juma'a nakan karɓi motar in yi doguwar tafiya da ita ta hanyar Zariya in dawo.

Wata huɗu ke nan, damina ta shigo, ga waifa ga fitilu ga esi, ba ta sake mutuwa ba. Yaya ta ce yanzu agogon take fara kallo kafin ta sa giya. Tsofaffin fulogan nan huɗu suna cikin leda a but, Baba ya duba su ranar, ya ce babu abin da ya same su.